Minti 15 a Kan Tabarma

  Wadda ke wanke-wanke ta ci gaba da abinta, kunne kawai nake so ta ara mini. Wadda kuma ke duƙe tana shara, don Allah ta ɗan miƙe tsaye ta dafa ƙugunta. Kin ji wannan "wash!" da ya kuɓuce miki ba ki shirya ba? To, a kansa za mu yi magana yau.

Ki ɗan lissafa mini aikinki tun daga kiran assalatu. Hura wuta, a duƙe. Shara da guntuwar tsintsiya, a duƙe. Wanki, a duƙe a kan baho. Tuƙin tuwo, a kan kujera 'yar tsugunno, kin tanƙware kina kokawa da muciya, ga goyo a baya yana zillo. In kuma akwai 'yar sana'a, ɗinkin hula ne ko kitso ko murzar ƙuli-ƙuli, nan ma kai a sunkuye yake har la'asar. Kullum aka yi wa matan kulle maganar motsa jiki sai su ce, "Haba, wane motsa jiki ya wuce wannan aikin da muke yi?" Akwai gaskiya a ciki. Daka da surfe da jan guga a rijiya aikin ƙarfi ne na sosai, ko da yake a gidaje da yawa injin niƙa da 'yan garuwa sun ɗauke mana rabinsu. Sai dai ki lura da abu guda: duk waɗannan ayyukan gefe ɗaya suke lanƙwasa ki, wato gaba. Babu aikin gidan da yake miƙar da ke baya, babu wanda yake buɗe miki ƙirji.

Ƙashin bayan mutum jerin 'yan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani kan wani. Guda 24 ne ke motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, kuma a tsakaninsu akwai 'yan matasai masu taushi da ke hana su gogar juna. Waɗannan biyar na ƙugu su ne 'yan dako, su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke samansu, har da goyon, har da bokitin da kika ɗora a ka. Masu taya su riƙo su ne naman baya da naman ciki. To, naman cikin nan, duk juna biyun da kika yi sai ya miƙe ya saki, kuma kafin ya gama komawa an sake samun wani rabon. Naman baya shi kuwa ya wuni a ɗaure. Shi ya sa mace 'yar shekara 30 mai 'ya'ya biyar za ki ga tana tashi daga tabarma da dafa bango kamar kakarta.

Abin da na kawo mana yau sunansa yoga, kuma daga ƙasar Indiya ya fito. Duk wadda ta taɓa kallon fim ɗin Indiya ta ga wani tsoho mai dogon gemu ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa. Na san tun daga nan wata ta fara cewa a'uzubillahi, kuma ban ga laifinta ba, don haka bari mu fara da wannan kafin mu je ga tabarma.

Asalin yoga hanya ce ta bauta da horar da zuciya a addinan mutanen Indiya, kuma ta daɗe ƙwarai. Akwai kalmomin da suke rerawa, akwai wani jerin motsi da suke kira gaida rana. Wannan ba namu ba ne, babu ruwanmu da shi. Malaman Musulunci ma sun duba al'amarin. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda waɗannan rere-rere da abubuwan bauta da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonisiya ta raba abin gida biyu, ta haramta wadda aka haɗa da bautar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 hukumomin Saudiyya suka sa yoga a cikin jerin wasannin motsa jiki da aka yarda a koyar, kuma wata mata 'yar Jidda, Nauf al-Marwa'i, ita ce ta tsaya tsayin daka a kan haka. A Indiyar kanta, da za a yi bikin ranar yoga ta duniya na farko ran 21 ga Yuni 2015, wasu Musulmin ƙasar sun ce ba za su yi gaida rana ba, aka kuma cire shi daga tsarin bikin. Kin ga ke nan magana ce da aka yi saɓani a kanta. Ni abin da zan koya miki miƙa ce da numfashi, irin waɗanda likitocin gashin ƙashi ke koya wa marasa lafiya a asibiti. Babu kiran sunan kowa, babu rusuna wa komai. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ko maigida ya tambayo miki malam. In sunan ne ya tsaya miki a rai, ki kira shi miƙa, bayanki bai damu da sunan ba. Motsa jikin mace dai ba baƙon abu ba ne a addini, kowa ya san Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Yogar motsa jiki da ta bazu a duniya ba ta ma tsufa sosai ba. Wani malami mai suna Kirishnamacariya ne ya koyar da ita a fadar sarkin Maisur, a kudancin Indiya, a shekarun 1930. Cikin almajiransa akwai ƙanen matarsa, Ayengar, yaro mai yawan laulayi, wanda zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka suka yi wa rubdugu tun yana ƙarami. Wannan yaron da ba a sa ran zai yi ƙarko ba, sai a 2014 ya rasu yana da shekara 95. Abin da ya sa na ambace shi, shi ne ya shahara da koya wa masu rauni da tsofaffi yadda za su yi amfani da bango da kujera da bargo da ɗamara su taimaki jikinsu ya miƙe ba tare da sun ji wa kansu ciwo ba. 'Yarsa Gita kuma ta rubuta littafi sukutum a kan yogar mata a 1983. Bango kuwa akwai shi a ɗakinki, haka matashi, haka zani. Kayan aikin ke nan, ba sai kin aiki yaro kasuwa ba.

To, su likitoci me suka gani? A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba kafin ya koma ga magani, kuma ta lissafa yoga a cikinsu. Amma kada in yi miki daɗin baki irin na masu tallar magani a lasifika, maganin basir shi ne na shawara shi ne na sanyi. Da aka gwada yoga da sauran motsa jikin baya, ba a ga ta fi su wani abin a-zo-a-gani ba. Sauƙin da take kawowa matsakaici ne, kuma sai an jure makonni ana yi. Ni abin da ya sa na zaɓe ta dominki shi ne ba ta buƙatar fili, ba ta buƙatar fita, ba ta buƙatar kuɗi, ba ta da tsalle-tsalle balle a jiyo ki daga zaure. Wurin da tabarma ɗaya za ta shiga ya ishe ki.

Mu fara da numfashi, don shi ne ginshiƙin abin. Tsakanin ƙirjinki da cikinki akwai wani faffaɗan nama, kamar ƙwaryar da aka kifa. In kin ja iska, sai ya sauka ƙasa, huhu ya samu wurin buɗewa, ciki ya ɗan taso. Ki kalli jaririnki yana barci, cikinsa ne ke hawa yana sauka. Mu manya, gajiya da ɓacin rai da ɗaure zani tamau sun mayar mana da numfashi can saman ƙirji, gajere-gajere. Babban mutum in yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Abin da ake so ki rage shi zuwa wajen sau 6. Ki sassauta zani, ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, ki ji hannun ya taso. Ki sake ta a hankali kina ƙirga shida. Fitar ita ake so ta fi shigar tsawo, domin Allah cikin ikonSa Ya yi zuciya tana ɗan rage bugu duk lokacin da ake fitar da numfashi. In kina so ki tabbatar, ki dafa jijiyar wuyan hannunki ki saurara. Minti uku na wannan ya isa a fara.

Amfaninsa kuwa ba a kan tabarma ya tsaya ba. Ke kin san lokacin nan, magariba ta kawo kai, tuwo bai nuna ba, jariri na tsala ihu, sai ga Auta ya yi tuntuɓe da kwanon miya. Kafin ki yi tunani hannu ya riga ya sauka a bayansa, baki kuma ya furta abin da za ki kwana kina istigfari a kansa. Bakin uwa kuwa kin san ba abin wasa ba ne. Wadda ta saba da dogon numfashin nan kullum, a irin wannan lokacin za ta iya jan uku kafin ta ɗaga hannu, kuma sau da yawa kafin na ukun ya fita hannun ya riga ya yi sanyi. Miyar dai ta zube, amma yaron ya tsira, ke ma kin tsira. Haka in dare ya yi, jiki ya gaji liƙis amma tunani ya hana ido rufuwa, kuɗin makaranta, maganar da facala ta yaɓa miki da rana, wannan ƙirgar huɗu da shida tana taimaka wa barci ya samu hanya.

Sai miƙa. Ta farko, wadda na fi so, miƙar mage. Ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu kamar mai rarrafe, ki sa zani a ninke ƙarƙashin gwiwa in daɓen da tauri. Kina jan iska ki saki ciki ya yi ƙasa, ki ɗan gantsare, ki ɗago kai kaɗan. Kina fitar da iska ki tura gadon baya sama kamar mai ƙusumbi, haɓa ta nufi ƙirji. Sau goma, sannu a hankali, numfashi ne ke jan motsin. Ki lura da mage in ta tashi daga barci, ba ta taɓa nufar ko'ina sai ta yi wannan. Daga nan ki ja mazaunai baya su sauka kan dunduniya, hannuwa a miƙe a gaba, ki kwantar da ƙirji kan matashi, ki juya fuska gefe, ki huta numfashi biyar ko shida. Za ki ji ƙugu yana buɗewa kamar ana warware ƙulli.

Ta biyu ita ce ke rama miki duƙen da kika wuni kina yi. Ki kwanta rub da ciki, gwiwar hannu a ƙasa daidai ƙarƙashin kafaɗa, ki ɗago ƙirji a hankali, cibiya na manne da tabarma, kafaɗu su yi baya su bar kunne. Mutanen Indiya suna kamanta irin wannan da maciji ya fasa kai. Kada ki ce sai kin kai inda wata ta kai. Numfashi biyar, ki sauka, ki sake sau biyu.

Sannan ki juyo rigingine, gwiwa a tanƙwashe, ki danna tafin ƙafa a ƙasa ki ɗaga ƙugu sama kamar gada, ki riƙe numfashi uku, ki sauke, sau takwas ko goma. Wannan ƙarfi take sa wa mazaunai da baya, su ne masu taya 'yan dakon nan biyar aiki. In kin gama ki rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji ki ɗan yi lilo dama da hagu. Ga mai ɗinkin hula da mai kitso kuma, da wuyansu ke ƙagewa: ki zauna, ki kai kunne wajen kafaɗa a hankali, dama sannan hagu, ki haɗa hannuwa ta baya ki buɗe ƙirji. In hannuwan ba sa haɗuwa, ki riƙe ɗankwali tsakaninsu.

Akwai wata magana da mata ba sa son faɗa ko ga likita, bari ni in faɗa tunda mu kaɗai ne. Bayan haihuwa uku, huɗu, wata in ta yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi sai fitsari ya ɗan ɗigo. Alwala ba ta zama, zanin salla kullum cikin wanki, ga shakka a zuci ko sallar ta yi. Naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa daga ƙasa ne ya saki, kuma shi ma ana horar da shi. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana yadda ake yi tun 1948. Ki matse can ƙasa kamar kina riƙe iska da fitsari a cikin mutane, ki ja sama, ki ƙirga biyar kina numfashi yadda kika saba, ki saki gaba ɗaya. Sau goma, sau uku a yini. Babu mai gani, kina tsintar shinkafa ma za ki iya. Kada dai ki mai da shi al'ada lokacin da kike kama ruwa, kuma ki ba shi kamar wata uku kafin ki yanke hukunci. Wannan daban yake da yoyon fitsari, wanda ke zuba dare da rana bayan doguwar naƙuda. Shi wannan aiki ake yi, kuma ana warkewa. Akwai asibiti musamman dominsa a Babbar Ruga ta Katsina, don haka wadda ta san mai fama da shi ta taimaka a kai ta.

Na san tambayar da ke bakinki: yaushe? Ni dai hantsi na ga ya fi, maigida ya fita, yara sun tafi makaranta, ba a ɗora sanwar rana ba, kuma karin kumallo ya faɗa, don ba a yin wannan da cikakken ciki. In gidan babu maza a lokacin, ki shimfiɗa tabarmar a tsakar gida, rana ta ɗan taɓa hannu da ƙafa, domin da hasken rana fata ke haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, kuma mu da muke wuni a ɗaka mun fi kowa buƙata. Mai abokiyar zama kuwa tana da ranar da ba girkinta ba, babu uzuri. In gidan yawa ne, ki saki labule. Amma ki gaya wa mutanen gida abin da kike yi. Ranar da na fara, ina kwance shiru ido a rufe, ashe 'yata ta leƙo, ta ruga ta gaya wa kakarta wai Umma ta faɗi. Sai ga Hajiya da kofin ruwa tana salati tana tofa mini addu'a. Da na yi mata bayani ta ce, "Yau ga iyayi, mu da muka haifi goma wa ya koya mana miƙa?" Ban ja da ita ba. Maigida ma gara ya ji daga bakinki kafin ya ji daga bakin wani. Ƙananan yara kuwa za su hau bayanki, su ratsa ta ƙarƙashin gadar, ki bar su, wani lokacin har su kwaikwaye ki. Kuma kada ki ji kamar kin saci lokacin gida. Ranar da bayan nan ya ƙi tashi, gidan gaba ɗaya ne ke tsayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan sa shi haki. Miƙar nan mai laushi ba za ta cika wannan ita kaɗai ba. Don haka dakan da kike yi kada ki raina shi, kuma zagaya tsakar gida da ɗan sauri, safe ko yamma, yana cikin lissafi.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau, in kunne ya ji jiki ya tsira. Miƙa tana da ɗan ja, amma duk motsin da ya yi miki suka kamar allura, ko ya harba ciwo zuwa ƙafa, ki tsaya. Mai juna biyu ba ta kwanciya rub da ciki, kuma in ciki ya tsufa ba ta daɗewa a rigingine, sai dai ta gefen hagu. Ta tambaya a wurin awo kafin ta fara komai. Mai jego za ta iya numfashin da matsewar nan tun da wuri, sauran kuma ta bari sai an yi arba'in, wadda aka yi wa aiki ta jira sai likita ya ce to. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, wannan asibiti za a kai ta yau, ba gobe ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Mai hawan jini kada ta bar ƙwayarta wai ta samu yoga, kada ta riƙe numfashi, kada ta kwaikwayi masu tsayuwa da ka da ta gani a talabijin ko a waya. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, shi ma ya fi ƙarfin tabarma.

Na bar miki mai daɗin a ƙarshe. Ki matso da mazaunai kusa da bango, ki kwanta rigingine, ki miƙe ƙafafu sama ki jingina su da bangon, matashi ƙarƙashin kai, hannuwa a sake a gefe. Ƙafar da ta wuni a tsaye tana zogi, nan za ki ji nauyinta yana sauka. Minti uku zuwa biyar, kina ƙirga huɗu da shida, ko kina istigfari a zuci. In za ki tashi kada ki zabura, ki mirgina gefe, ki dafa ƙasa, ki ɗan zauna tukuna don kada jiri ya ɗebe ki.

To, 'yan uwa, lokaci ya cim mana. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta duba wuta, wadda ta bar shara ta ƙarasa, amma in da hali a ɗaura wa tsintsiyar nan doguwar sanda. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.